Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Rano A Kan Ungulu, Shaho Da Mujiya

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo,
Fadar Rano, Jihar Kano.



Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara, ya zaunar da ƙasar Rano da Kibiya da Bunkure lafiya. Bayan gaisuwa da ban girma irin na talaka ga uban ƙasa, ina neman izini in kawo kuka gaban fada. Na rubuta shi a fili ne don hakimai da dagatai da masu unguwanni su ji, mahauta da maharba da makiyaya da manoma su ma su ji, tunda maganar a ƙofar gidajensu take.

Kukan nawa a kan tsuntsaye ne. Na san abin da ke gaban fada kullum: rikicin gona da burtali, tsadar taki, samari marasa aikin yi, sha'anin tsaro. Wanda ya shigo da zancen ungulu a irin wannan lokaci dole a yi masa kallo biyu. Ina roƙon Mai Martaba ya yi haƙuri da ni zuwa ƙarshen takarda, domin zancen ungulu ya shafi lafiyar mutane da dabbobinsu, zancen shaho da mujiya kuwa ya shafi hatsin da ke rumbu.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar nan ya san lokacin da ba a yin yanka a mahauta sai ungulaye sun jeru a kan katanga da rufin kwano suna jira. In jaki ya faɗi a bakin hanya da hantsi, kafin la'asar sai ƙashi. Mikiya na shawagi can sama, gaggafa na gilmawa a kan daji, shirwa ta hana mai ɗauke da nama sakewa a kasuwa. Yau yaro zai iya gama firamare a Rano ko Tarai ko Rurum bai taɓa sa ungulu a ido ba. Yana jin manya na cewa ungulu ba ta jewar banza, amma bai san jewar da ake nufi ba.

Ranka ya daɗe, abin bai tsaya a ƙasarmu ba, kuma masana sun auna shi. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973. Ya koma ya bi hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a duk inda ba gandun daji ba ne. A 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, ta sa ungulun nan tamu ta mahauta a matakin ƙarshe kafin ɓacewa, tare da wasu manyan ungulaye uku na Afirka. A 2020 gaggafa ma ta shiga sahun waɗanda ke cikin haɗari. A 2024 aka fitar da wani babban nazari a kan nau'i 42 na tsuntsaye masu farauta a dazukan Afirka, aka ga kashi 88 cikin 100 nasu sun ragu, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Abin da ya cinye su sananne ne. Na farko guba. Makiyayi ko manomi da kare ko dila ya dama, sai ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe ya tafi. Kare ɗaya yake nufi. Amma ungulu ba ta ci ita kaɗai: da ɗaya ta sauka, na sama sun gani, su ma na nesa da su sun ga saukarsu. A 2019 ungulaye 537 suka mutu a ƙasar Botswana a kan gawar giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba. A 2020 fiye da 2,000 aka kashe a Gini Bisau, aka tarar da wasu an cire musu kai. Wani nazari da ya tattara labarin mutuwar ungulaye a Afirka ya nuna kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma kasuwar magani.

Wannan kasuwa ita ce ta biyu, kuma a nan ne kunyar take kanmu. Ana sayen kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta da gashinta don neman sa'a, farin jini, cin kasuwa ko cin zaɓe. Da masu bincike suka zaga kasuwannin tsibbu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kusan kashi uku cikin huɗu na tsuntsaye masu farauta da ake cinikinsu a Nijeriya suka same su. Da namu suka ƙare, sai fatake suka shiga Nijar da Cadi da Kamaru. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka maƙala wa wata 'yar farar ungulu na'urar bin sawu, suka sa mata suna Paschalis. Ta yi ƙaura har kudancin Nijar ta yi rani a can. A farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta don kasuwar Nijeriya. Tsuntsuwar da mutanen wata nahiya ke tattalinta tun tana sheƙa, a hannunmu ta ƙare.

Na uku gatari. Ungulun mahauta a kan dogon itace take sheƙa: rimi, giginya, maɗaci, kuka, tsamiya. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To in an sare tsamiyar an yi gawayi fa? Ga ta kuma da jinkirin haihuwa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, sannan ya yi shekaru kafin shi ma ya kai ga yin sheƙa. Kaza kan cike gurbin 'ya'yanta cikin wata biyu. Ungulu in aka kashe uwa ɗaya, an kashe zuriyar shekara goma ko fiye.

Na huɗu yunwa. A mahautar yau ba a zubar da komai: jini ana dafawa don abincin kaji, ƙashi da ƙaho na da masu saye, dabba kuma da ta fara ciwo sai a yi maza a yanka. Ba laifi ba ne mahauci ya ci ribar sana'arsa, sai dai tsuntsun da ya rayu a gefensa ɗaruruwan shekaru ya wayi gari ba shi da rabo.

Mai Martaba zai iya tambaya: to me muka rasa? Aikin ungulu shi ne ta ɗauke mushe kafin ya ruɓe. Cikinta na da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cututtuka masu yawa, har da na saifa. In babu ita, mushen yana nan kwana da kwanaki, ƙuda na tashi daga kansa zuwa gidaje, karnuka da ɓeraye na ci suna hayayyafa, ruwan sama na wanke shi zuwa rafi da kududdufin da shanu ke sha. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar saifa a wata gona a Suleja, don haka cutar tana ƙasar nan.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Tana da ungulaye miliyoyi har zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da aka fara yi wa shanu allurar dikulofenak, maganin ciwon jiki mai araha. In saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007 wani nau'in ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Karnukan titi suka yawaita, haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓata. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa lissafi a 2024 cewa ɓacewar ungulu ta jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Sai a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana yi wa dabbobi wannan magani. Shi wannan dikulofenak yana nan a kowane kemis na garuruwanmu, ana sayar wa mutane, ba abin da zai hana shi faɗawa hannun mai yi wa shanu allura.

Ƙananan tsuntsaye masu farauta su ma suna da nasu aikin. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwanta ya mai da ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam wurin noman rani: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Inda abinci ke tsaye a gona rani da damina, nan ɓera ke yin gari. Mujiya guda biyu da 'ya'yansu na cin ɓeraye dubbai a shekara, ba tare da manomi ya sayi ko cokali ɗaya na guba ba. Ɓera kuma shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa. Akwai shahunan da ke tasowa daga Turai su yi rani a yankinmu na Sahel, fara ce babban abincinsu. Akwai masu cin maciji. Duk waɗannan ma'aikata ne da ba a biyansu, mu kuma muna sallamarsu da danƙo da bindiga da guba.

Allah ya taimaki Sarki, ban zo da kuka kaɗai ba. Ƙasashe da dama sun rasa irin waɗannan tsuntsaye, suka kuma dawo da su, kuma akwai darasi a yadda suka yi.

A Ingila akwai wata jar shirwa mai wutsiya kamar almakashi. A zamanin da ita ce ke share titunan Landan, kamar yadda ungulu ta riƙa share mana mahauta. Daga baya aka ɗauke ta maɓarnaciya, aka riƙa biyan lada ga wanda ya kashe ta, har ta ƙare a Ingila da Sikotland kafin ƙarshen ƙarni na 19. 'Yan kaɗan suka rage a tsaunukan Wales, inda wasu mutanen karkara suka yi ta gadin sheƙunansu shekara da shekaru. Daga 1989 aka fara ɗauko 'ya'yan shirwar daga Sifaniya da Suwidin, a rene su a keji a inda ake so su zauna, ba tare da sun saba da mutum ba, sannan a buɗe musu. Yau akwai dubban ma'aurata a Birtaniya, har a 2022 Ingila ta fara mayar wa Sifaniya da 'ya'yan shirwa saboda nata sun ragu.

Amma ga inda nake so Mai Martaba ya tsaya ya duba. Wuri biyu aka fara sakin tsuntsayen: tuddan Chilterns a kudancin Ingila, da Black Isle a arewacin Sikotland. Adadin da aka saka a wuraren biyu ɗaya ne. Zuwa 2006 na Chilterns sun haura ma'aurata 300, na Black Isle ba su kai 50 ba. Da aka bincika, haihuwarsu kusan ɗaya ce, abinci ma akwai. Bambancin shi ne a arewacin Sikotland wasu sun ci gaba da ajiye nama mai guba a daji. Tsuntsu iri ɗaya, hukuma ɗaya, doka ɗaya; halin mutanen wurin ne ya raba sakamakon.

A wani yanki na kudancin Faransa manyan ungulaye sun ƙare a shekarun 1940. Aka fara sakin wasu a 1981, yanzu suna da ɗaruruwan sheƙuna a jikin duwatsun yankin. Abin da ya riƙe su shi ne makiyayan tumaki: an yarje wa makiyayi ya killace ɗan fili a gonarsa ya ajiye tunkiyar da ta mutu, ungulu ta ɗauke masa, ya huta da kuɗin motar kwasar mushe. A Nepal, a 2006, mutanen wani ƙauye a yankin Nawalparasi suka buɗe wurin ciyar da ungulu da naman da aka tabbatar babu dikulofenak a jikinsa, suka kuma bi shagunan magani suna musanya shi da meloksikam, wanda ba ya cutar da tsuntsu. Bayan 'yan shekaru ƙidaya ta nuna ungulayen ƙasar sun fara ƙaruwa. A Amurka kuwa an bari sai da babbar ungulun Kalifoniya ta rage guda 27 a duniya a 1987. Dole aka kama su duka aka riƙa kiwo a keji, aka fara sakinsu a 1992. Yau sun haura 500, amma an kashe miliyoyin daloli, kuma har gobe ana kamo su ana yi musu maganin dalmar harsashi da suke haɗiya a mushe.

Darasin a bayyane yake. Dawo da tsuntsu abu ne mai yiwuwa, sai dai yana da tsada, yana cin shekara ashirin ko talatin, kuma ba ya yin nasara sai inda aka fara daina kisan. Sakin ungulu a ƙasar da ake sayen kanta kamar zuba hatsi ne a rumbun da gara ta cinye gindinsa. Mu ba mu da kuɗin Amurka. Amma aikin da ya fi muhimmanci, wato gyaran hali, shi ne mafi araha, kuma shi ne wanda sarauta ta fi gwamnati iyawa. Jami'in gandun daji na iya zuwa ƙauye sau ɗaya a shekara. Mai unguwa a nan yake kwana. Dokar kare dabbobin da ke gab da ƙarewa tana nan tun 1985, an ma ƙara mata tara a 2016, amma maharbin da ke Zurgu ko Fammar ya fi jin maganar Sarkin Baka a kan takardar Abuja.

Ƙasar Rano kuma tana da abin da tsuntsayen ke bukata. Ga duwatsun Rano da na Rurum, irin waɗanda shaho ke sheƙa a kansu. Ga ruwan Tiga. Ga shanun Fulani. Ga dajin Falgore a kudu da mu. Ungulu na iya yin tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya a yini, saboda haka in wuri ya yi aminci, akwai abinci, akwai itace, ba lallai sai an ɗauko ta a jirgi ba. Waɗanda suka rage a maƙwabta na iya samo hanya da kansu. A kan haka nake gabatar da roƙo bakwai.

Na farko, a san abin da ya rage. Mai Martaba ya umarci hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su kawo labarin duk inda ake ganin ungulu, mikiya ko gaggafa, da duk itace ko dutsen da suke kwana ko sheƙa. Rani ne lokacin sheƙar ungulu, shi ya fi dacewa. Ɗaliban ilimin halittu na Jami'ar Bayero da ta Wudil na neman inda za su yi bincike, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos kuma tana da shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya wanda 'yan sa-kai ke yi da wayar hannu. Sai dai a kula: wurin sheƙa sirri ne tsakanin fada da masu aikin, kada ya zama jagora ga fatake.

Na biyu, a kare itatuwa. Duk rimi ko giginya ko maɗaci ko tsamiyar da aka samu da sheƙa, a hana sare ta sai da izinin hakimi. Mai gonar da itacen ke ciki a kira shi fada a yaba masa a gaban jama'a. Mutumin karkara na riƙe yabon Sarki fiye da yadda yake riƙe kuɗi, kuma maƙwabtansa za su so a kira su su ma.

Na uku, guba. A tara Sarkin Noma da ardo-ardo da malaman dabbobi da masu shagunan maganin feshi, a yi yarjejeniya cewa ba a sa wa mushe guba a ƙasar Rano, ko don kare ko don dila. Wanda karnuka suka dama ya kai ƙara wurin mai unguwa a nemi malamin dabbobi. Dabbar da aka san guba ce ta kashe ta a binne ta da zurfi ko a ƙone. In an yi feshin jan-baki, a tattara matattun a binne, domin shirwa da shaho na ɗauka su mutu. Masu yi wa shanu allura kuma a ja musu kunne a kan dikulofenak, a nuna musu madadinsa.

Na huɗu, kasuwar. Wannan sai da hikima, don abincin wasu ne. Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, wato NCF, ta daɗe tana zama da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya tana jan hankalinsu su bar sassan ungulu su koma ga itatuwa, kuma akwai waɗanda suka amsa. A gayyace ta. Sarkin Baka da shugabannin masu magani su zauna a gaban Sarki su ɗauki alkawari da bakinsu, su ne kuma za su zama masu sa ido. Limaman Juma'a su taimaka da huɗuba, domin mai neman sa'a a kan ungulu ya riga ya kauce wa tauhidi tun kafin ya kai ga cutar da tsuntsu. In mai saye ya ji kunya, mai harbi zai rasa kasuwa.

Na biyar, rabon ungulu. Sarkin Fawa ya sa a ware ɗan fili a bayan gari, nesa da gidaje da rijiyoyi da turakun lantarki, a killace shi yadda kare ba zai shiga ba, a riƙa kai ragowar yanka da ba ta da mai saye. Malamin dabbobi ya tabbatar ba a kai abin da ya mutu da saifa ko guba ko allurar da ke kashe tsuntsu ba. A fara da wuri ɗaya, a sa mai gadi, a ga abin da zai sauka.

Na shida, shaho da shirwa da mujiya. Ban manta da uwargidan da shirwa ta kwashe wa 'yan tsaki ba. Asararta ta gaske ce, da kajin nan take sayen sabulu da littafin makaranta. Amma maganin yana hannunta: 'yan tsaki su yi makonninsu na farko a akurki ko ƙarƙashin babban kwando, a bar musu inuwar da za su ɓuya in sun fara fita. Na kuma san malamai za su tuna mana cewa shirwa na cikin halittu biyar da hadisi ya yi izinin kashewa saboda ɓarnarsu. Ban ja da wannan ba. Sai dai ungulu ba ta cikin biyar ɗin, mujiya ma haka, ɓera kuwa yana ciki. Korar shirwar da ta addabi gida daban, watsa gubar da za ta kashe duk mai fiffike daban. Malamanmu sun fi ni sanin iyakar. Ita mujiya camfi ne kawai ke kashe ta. A Isra'ila da Jodan da Malesiya manoma na kafa mata akwatin katako a kan dogon turke a tsakiyar gona don ta zauna ta ci ɓera. Kafintan Bunkure zai haɗa irinsa cikin yini. Ƙungiyar manoman rani ɗaya ta gwada a fili ɗaya, sauran su zo su gani da idonsu.

Na bakwai, a kai maganar gaba. Tsuntsu bai san iyakar masarauta ba. In Rano ta gyara, Tudun Wada da Sumaila da Garko ba su gyara ba, aikin rabi ne. Mai Martaba ya tuntuɓi 'yan'uwansa sarakuna, ya kuma rubuta wa Gwamna da ma'aikatar muhalli ta jiha a kan dajin Falgore da kasuwannin da ake baje kawunan tsuntsaye a fili. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Makarantun Rano da Kibiya na iya amfani da ita wajen koya wa yara sanin tsuntsayen ƙasarsu, dattawa su ba su labarin abin da suka gani da idonsu.

Idan aka yi shekara biyar a kan wannan, ƙidaya ta nuna guba ta ragu, itatuwa na tsaye, kasuwa ta yi sanyi, a lokacin ne Rano za ta iya tunkarar masana da hukumomin duniya da zancen kiwo da saki, in har ana bukata. Masu ba da tallafi a wannan fanni suna neman wurin da jama'a suka riga suka shirya, kuma irin wannan wuri ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Ban yi wa Mai Martaba alkawarin 'yan yawon buɗe ido ko kuɗin waje ba. Abin da ke tabbas shi ne mushe zai ragu a bakin hanya, gubar da ke yawo a hannun jama'a za ta ragu, manomi zai samu mai taya shi yaƙi da ɓera.

Babu ɗaya cikin roƙon nan da ke jiran kasafin kuɗi kafin a fara. Shida na farko umarni ne da zama da mutane, na bakwai takarda ce. Ina roƙon Mai Martaba ya sa maganar a zaman majalisarsa na gaba, ya kuma ɗora wa hakimi ɗaya alhakinta, wanda zai riƙa kawo rahoto fada duk ƙarshen rani. Rano na cikin Hausa Bakwai, in ta fara abu ana dubawa. Masarautar da ta fara yi wa tsuntsayenta doka da bakin Sarkinta za ta sauƙaƙa wa sauran su bi.

In na yi kuskuren lafazi a gaban fada, ina neman afuwa. Allah ya ƙara wa Sarki imani da adalci, ya ba shi mashawarta nagari, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da dabbobinmu daga annoba. Amin.

Wassalam.

Talakan Sarki mai biyayya,
Wani ɗan ƙasar Rano.